Ƙwallon da Na Kira Laya

Usman, Maryam, Hafsatu, ku da nake yi wa magana da Hausa kuna mayar mini da Larabci, wannan babin ku karanta shi a hankali, kada wani ya ce mini "ɗayyib ya abuya" alhali bai gane komai ba. Na san abin da kuke ji a gidajen biki. Wasu sun ce muku an taɓa kama ubanku a kan sihiri, shi ya sa muka tashi daga unguwar Ƙurban muka dawo Jurf a nan Madina. Wasu kuma, masu son su faranta muku, sun ce ubanku jarumi ne, ya ceci wani bawan Allah daga takobi. Na farkon ƙarya ce tsagwaronta. Na biyun rabin magana ne, kuma rabin da ake barin shi ne ya fi nauyi, don haka zan faɗe shi da kaina tun ina da bakin faɗa.

Shekarar da uwarku Rabi take da cikin Maryam ne. Lokacin ina dukanci a wani ɗan shago a Anbariyya tare da yayana, Baffanku Sani, muna ɗinke wa alhazai takalma da jakunkuna, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, duka biyu tana hannun kafili ɗaya, ɗan ƙasar da ya tsaya mana. A gidan da muke haya a Ƙurban akwai wani ɗaki a ƙasan bene, mai haya a cikinsa shi ne Abdulhakim, wanda duk unguwa ke kira Dogo. Baƙi ne wuluk kamar mu, sai dai in zai shiga ƙofa sai ya sunkuya. Ranar da na fara ganinsa na gaishe shi da Hausa, ya tsaya yana kallona yana murmushi, na ce a raina wannan Bahaushen girman kai ne da shi. Ashe mutumin tsibiran Karebiyan ne, can bayan teku, inda aka kwashe kakanninmu aka kai. Ya musulunta da girmansa, ya zo Madina koyon Larabci, da karatun ya ƙare ya ƙi komawa, ya samu kafili yana ɗaukar kwalaye a wani sito na dabino. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, da haka muka yi ta ɗingishi har muka zama aminai. In Rabi ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa sai ta zuba masa, ya ci yana lumshe ido, ya ce kakarsa haka take yi, sai dai ita a tukunya ɗaya take haɗa masarar da kuɓewar.

A bakinsa na fara jin wai shi ɗan wasan kurket ne. Ni da ban san kurket ba sai in na hangi 'yan Pakistan ranar Juma'a suna ta guje-guje a fili, dariya na yi masa. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani: ana kafa sanduna uku, mutum ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana karewa, wani kuma ya sheƙo da gudu daga nesa ya wurgo ƙwallo mai tauri don ya kayar da sandunan. Shi mai wurgowa ne, kuma irin masu wurgowa da ƙarfi, waɗanda ƙwallonsu kan karya wa mutum haƙarƙari. Ya ce da a wata ƙasa aka haife shi da shi ne na ɗaya, amma a zamaninsa tsibiransu sun cika da irinsa, mutum huɗu ake ɗauka a babbar ƙungiyarsu, kuma huɗun da ke gabansa ko mura ba sa yi. Sai ya riƙa lissafa mini abokansa da yatsu. Wannan bayansa ya tsage tun yana saurayi. Wannan mota ta kife da shi ana saura mako a kira shi. Wannan alƙalin wasa ya ce gwiwar hannunsa tana lanƙwashewa, shi ke nan aka gama da shi. Shi kansa sau ɗaya aka saka sunansa, da ɗaya daga cikin huɗun ya kwanta zazzaɓi, sai aka kwana uku ana ruwan sama ba a buga ba, kafin fili ya bushe mai zazzaɓi ya miƙe. Bayan nan bayansa ya fara ciwo, matarsa ta tafi, ya shiga shaye-shaye, har Allah ya shirye shi. Yana ba da labarin nan yana dariya, ni kuwa tausayinsa ya hana ni dariyar. Ya ce can ba shi da kowa kuma ba shi da komai, Madina ce kaɗai abin da ya nema a duniya aka ba shi.

Amma jiki bai manta ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya fita filin da ke bayan gidanmu, ya kafa sanduna uku, ya juya baya yana taku yana ƙirgawa a hankali cikin harshensu, ya ja layi a ƙasa da ƙafa, ya tofa wa ƙwallo yawu ya goga a cinya, sannan ya sheƙo ya wurga. Bangon da ke bayan sandunan kuwa na gidan Alhaji Tanko ne, wani dattijo mai sayar da turare. Ban da tsofaffin ƙwallayen da yake jifa da su, akwai wata guda da ba ya jifa da ita, kullum tana aljihun jallabiyarsa, ko a majalisa yana juya ta a hannu. Da ita ya yi wasan da ya sa aka kira shi, shugaban 'yan wasansu ya rubuta masa wasu lambobi a jiki da tawada don tunawa. Da zarenta ya fara warwarewa sai ya kawo mini. Na juya ta na yi mamaki, jar fata ce mai kyau, ɗinkin hannu layi shida, aikin wanda ya san sana'a. Na ɗauki basilla na bi ramukan da suke nan na mayar mata da zare, ya karɓa da hannu biyu.

To ga abin da ba a faɗa muku ba. Da yammacin wannan ranar, a majalisar bayan la'asar, Dogo ba ya nan, ni kuma bakina yana ƙaiƙayi, ina son a yi dariya. Na ce:

"Yau na ɗinke wa Dogo layarsa. Jar fata, rubutu a jiki, ga tofi kullum da asuba. Ko mahaifinmu a Kano bai taɓa ɗinka mai kyawunta ba."

Aka yi dariya, na ji daɗi. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Alhaji Tanko. Ni kuma na san matarsa ta yi wata biyu a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, likitoci sun kasa faɗa masa abin da zuciyarsa za ta karɓa. Na sani sarai, amma ban haɗa biyun ba sai da aka makara. Bayan kwana huɗu motar hukuma ta tsaya a filin nan da sassafe, aka tafi da Abdulhakim da sandunansa da abin da ke aljihunsa.

Ku da aka haifa a nan kun san abin da kalmar sihiri take nufi a ƙasar nan, ba sai na faɗa muku hukuncinta takobi ne ba, kun kuma san in aka ce baƙin mutum ne daga waje, rabin shari'ar an gama ta kafin a zauna. Labari ya dawo unguwa cewa an yanka ƙwallon an tarar da zare nannaɗe a ciki, dami guda, an kewaye wani abu da shi. Ga lambobi a waje, ga tofi, ga sanduna uku da aka kafa suna fuskantar ɗakin marar lafiya. Waɗanda suka yi dariya a majalisa su ne suka fara cewa dama sun daɗe suna zarginsa. Wallahi har yau in na tuna fuskokinsu raina ɓaci yake, amma nakan tuna wanda ya ba su kalmar sai in yi shiru.

Na gaya wa Yaya Sani zan je in yi bayani. Ya ajiye takalmin da ke hannunsa, ya ja ƙofar shago ya rufe da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

"Habu, kana da hankali kuwa? Baduku, baƙi, ɗan mai ɗinkin layu, ka je ka ce kai ka ɗinka? Ai ba fito da shi za ka yi ba, shimfiɗa za ka yi kusa da shi."

Na ce masa Yaya, mutumin nan ba shi da laifi. Ya ce shi ma ya sani, amma iƙamarmu a hannu ɗaya take, in na faɗa rami da shi zan faɗa, da matarsa da 'ya'yansa biyar. Ya ce in na taka wurin nan to in nemi wani yayan. Kada ku riƙe Baffanku da wannan. Gaskiya ya faɗa, kuma duk abin da ya ji tsoro kusan sai da ya faru.

Kwana goma na yi ina zuwa shago ina dawowa kamar ba ni ba. Rabi kuwa kullum in ta kwashe tuwo sai ta zuba a kwanon da take zuba wa Dogo, ta rufe, ta ajiye a gabana kusa da nawa. Rana ta goma na yi mata tsawa na ce wannan wane irin wulaƙanci ne. Tana zaune da cikinta wata bakwai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, bakinka ne ya kai shi. Ni dai ban san ƙafar wa kake jira ta je ta fito da shi ba."

Na ce in aka riƙe ni fa, ke da Usman da abin da ke cikinki? Ta ce Allah da ya kawo mu Madina bai ce sai da ni zai ciyar da su ba. Na ji haushin maganar nan ƙwarai, kuma washegari na tafi ofishin da ake binciken.

Zuwan farko a ƙofa aka mayar da ni. Na biyu aka ce mai binciken ya yi tafiya. Na uku wani soja ya tambaye ni ko ɗan'uwana ne, na ce maƙwabcina ne, ya ce to maƙwabci ya koma gida ya yi masa addu'a. A hanyar dawowa na gane ko an bar ni na shiga, baki kawai zan kai, kuma bakina ai an ga aikinsa. Sai na ce bari in kai abin da hannu zai taɓa. Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi filin da 'yan Pakistan ke wasa, nan Jurf, inda yanzu aka yi gine-gine. Na roƙe su mutum ɗaya ya bi ni ya shaida cewa wannan ƙwallon wasa ce. Da suka ji kalmar sihiri sai kowa ya tuna yana da aiki. Ban ga laifinsu ba, su ma kafili ne da su. Juma'a uku ina zuwa ina tsayawa a rana kamar mai bin bashin gaisuwa, har wani direba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya gaji da ganina. Ya ja ni bayan motarsa ya ba ni sabuwar ƙwallo a cikin takardarta, ba a ko buɗe ba, ya ce bai san ni ba, ban san shi ba.

Zuwa na shida aka shigar da ni. An karɓe wuƙar dukancina a ƙofa, amma na roƙa aka bar mini basilla da zare a hannun sojan da ya raka ni. Mai binciken saurayi ne, bai kai ni shekaru ba, mai sanyin magana, kuma zan faɗi gaskiya, mutum ne mai son ya gane. Ƙwallon Dogo tana kan teburinsa a cikin leda, an sare ta gida biyu ta tsakiyar fata, zaren ya zubo. Ya sa aka shigo da Abdulhakim. Wata biyu da rabi ke nan, jallabiyar ta yi masa yawa, ya gan ni ya yi murmushi, ya ɗauka gaisuwa na zo. A gabansa mai binciken ya tambaye ni me na sani. Na ce ɗinkin da ke jikin ƙwallon nan nawa ne. Ya ɗago ya dube ni, ya ajiye alƙalami. Na ce kuma kalmar laya, ni na fara furta ta a majalisa, da wasa, don a yi dariya, daga bakina mai ƙarar, Alhaji Tanko, ya ɗauka. Ban dubi inda Dogo yake ba, amma na ji lokacin da numfashinsa ya canja.

Mai binciken ya ce to na san cewa yanzu ni ma ina cikin maganar? Na ce na sani tun daga gida. Na miƙa masa sabuwar ƙwallon na ce ya buɗe takardar da hannunsa, ya duba hatimin masana'anta, sannan a ba ni basilla. Ban sare ta ba, baduku ba ya yanka fata in akwai ɗinki. Na bi zaren ɗaya bayan ɗaya na warware, gumi yana ɗiga a kan teburin mutane, har fatar ta buɗe gida biyu. Ga zare nannaɗe, ga abin nan mai kama da toshiyar kwalba a tsakiya, daidai da na cikin ledar. Mai binciken ya jera su ya daɗe yana kallo. Sai ya tambayi lambobin, Dogo ya yi bayani da gurguwar Larabcinsa, muryarsa a dushe. Ya tambayi tofin, aka ce don gefe ɗaya ya yi santsi ƙwallon ta karkace a iska. A nan ya girgiza kai, ya ce wannan kam bai yarda ba sai ya gani, kuma ga shi ƙwallayen duka biyu a buɗe suke.

Na ce a ba ni sa'a ɗaya. A ƙasa na zauna, a ofishin hukuma, na mayar da cikin, na haɗa fatar, na bi ramukan nan layi shida. A rayuwata ban taɓa ɗinki irin na ranar ba, kuma ban sake ba. Aka fita tsakar gidan, aka kafa sandunan Dogo uku a cikin bokitin yashi. Filin gajere ne, bai kai rabin takun da ya saba ba, ga shi ba takalmi, ga yunwar wata biyu. Ya karɓi ƙwallon daga hannuna bai dube ni ba. Ya taka, ya ja layi, ya tofa, ya goga a cinya. Da ya sheƙo, sojan da ke kusa da bokitin ya yi tsalle gefe tun kafin a saki. Ni ban ga ƙwallon ba. Ƙara kawai na ji, sandar tsakiya ta karye biyu, guntun ya tashi ya bugi bango. Mai binciken ya ce mashaAllah da ƙarfi, ya manta a bakin aiki yake. Dogo kuwa yana durƙushe a inda ya saki, hannu a ƙugu, bayan ya sake tafiya, sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

An wanke shi daga sihiri a cikin mako guda. Na yi ta murna ina cewa an gama, ashe ban san komai ba. Yana tsare iƙamarsa ta ƙare, kafilinsa kuma tun ranar da ya ji abin da ake zargi ya janye hannunsa, ya ce ko an wanke shi ba ya so. Na bi mutum bakwai a garin nan ina roƙon wani ya karɓe shi, har da Alhaji Tanko, wanda ya yi kuka ya ce shi ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da ikon ɗaukar kowa. Ba wanda yake son sunansa kusa da wannan takardar zargi. Ni ma namu kafilin ya ji labari, ya ce ko dai in bar shagon ko ya sallame mu duka biyu. Na tattara basillata na bar wa Yaya Sani, shi kuma ya cika alkawarinsa, shekara tara bai taka gidana ba, ko sunan Maryam bai zo ba. Maigidan haya ya ce mu tashi. Haka muka zo Jurf, ina ɗinkin takalmi a bakin titi a kan kwali, har Allah ya haɗa ni da wanda ya karɓi iƙamata. Wannan duk na ɗauka, kuma da za a mayar da ni ranar, hanyar ofishin nan zan sake bi.

Ranar da za a wuce da shi Jidda tare da waɗanda za a mayar ƙasashensu aka ba ni minti kaɗan da shi ta bayan ragar waya. Yana tsaye a karkace, ya jingina da bango saboda bayan. Na gaishe shi ya amsa. Na ce masa na bi ko'ina ban samu ba, ya ce ya ji. Sai na ce abin da ya kawo ni, na ce Abdulhakim, don Allah ka yafe mini. Sojan da ke gadi ya fara duba agogo. Sannan Abdulhakim ya ce, a hankali, yana neman kalmomin ɗaya-ɗaya:

"Habu, kai ka fitar da ni daga kurkuku, kai kuma ka fitar da ni daga Madina. Na farkon na gode, Allah ya saka maka. Na biyun, ka ba ni lokaci."

Na ce na ba ka. Aka kira sunansa, ya juya yana jan ƙafa.

Na rubuta wasiƙa huɗu zuwa adireshin da ya bar wa maigidan haya, biyu suka dawo, biyu ban san inda suka faɗa ba. Usman, kai ka sha ganina ina tare alhazai baƙaƙe dogaye a harabar masallaci ina tambayarsu daga wace ƙasa suke, kana jin kunya kana ja mini riga. To yanzu ka san wanda nake nema. Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma ban ji ya ce lokacin ya yi ba.